Ku Dawo Min da Shi da Dauɗarsa

Gobe hutu. Ku zauna tukuna,
ƙararrawa da sauranta.
Jiya da littattafan zanenku na kwana,
ashirin da bakwai, baje kan tabarma,
an ɗauke wuta a Mabera,
fitilar waya na riƙe da haƙora.

Jabbi, raƙuminka na shafin farko,
wanda ka gano a Kara yana tuƙa,
sai da na ji warinsa.
Leɓen nan da ya saki, gwiwar nan mai kanta,
ni a shekarunka ban iya ba.
Na juya shafi, fari.
Na sake juyawa, fari fat.
Talatin da tara babu ko ɗigo,
raƙumi ɗaya tsaye a bakin hamada.
Ka ce kana jiran ranar da abin zai zo maka.
Yaro, abin nan bai san gidanku ba,
kai za ka riƙa zuwa gaishe shi.

Kulu kuwa buta ta zana,
butar kakarta mai lotsawa a gefe.
Litinin buta, Talata buta.
Ta farko kamar kwaɗo ya haɗiyi goriba,
ta goma hancinta na kallon gabas,
kun yi dariya, ina jin ku.
To ku zo ku ga ta arba'in:
da ruwa a cikinta, ido na jin nauyinsa.
Minti sha biyar bayan asuba, in ji ta,
kafin a aike ta markaɗe.

Kar wanda ya ce min babu takarda.
Buhun siminti, a farke a kakkaɓe,
bayansa fili ne.
Gawayin murhu bai taɓa tambayar kuɗi ba.
Abin zanawa kuma ya ishe ku:
mai albasa na gyangyaɗi jikin buhunsa,
masunci a Kwalkwalawa ya wurga birgi,
ƙafar ƙaninka, kunnen jar akuya,
inuwar dogonyaro da rana ta take.

Bari in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa ba.
Na ajiye fensir shekara shida.
Aiki, iyali, kuɗin haya, kullum sai gobe.
Ran da na koma, hannuna ya yi min kallon baƙo,
da'ira ma ta ƙi rufuwa.
Na tafi bayan tsohuwar kasuwa
wurin Baba Modi baduku,
yana ɗinkin fata, idonsa na kan masu wucewa.
Na ce, Baba, ina ka samo wannan baiwa?
Ya ce, "Wace baiwa? Zama na, ɗana.
Shekara hamsin, basillag ga
ba ta kwana biyu ba ta ji ɗumin hannuna ba."
Na koma gida na zana takalmina.
Ya yi muni. Washegari na sake.

Don haka ku kafa wa abin nan turke,
lokaci guda, wuri guda,
ko bayan la'asar, ko kafin barci.
Ranar da zafi ya narkar da kwalta,
ranar da rai ya ɓaci, baƙi suka cika gida,
a ja layi ko ɗaya ne, a sa kwanan wata.
Shafin da ya yi muni kar a yage shi,
a kansa na gobe zai taka.

Ran dawowa ba na son littafi mai tsabta.
Ina son shatin yatsa, ɗigon miya,
gefen da gumi ya jiƙa ya nannaɗe,
bangon da ya gaji da aljihu.

Jabbi, raƙumin nan kaɗaici ya ishe shi.

Ga ƙararrawa. Ku tashi a hankali.
Kulu, ara min butarki ta farko,
ita zan manna a bango.