Kasko Tara a Tumfure

Goma ga Disamba Likita Borah ba ya buɗe kemis.
Da hantsi ya aike ni kasuwa:
ƙananan kasko tara, auduga, man gyaɗa kwalba guda.

Da magariba ya jera su a kan dakali,
ya yafa farin ƙyalle mai jan baki,
ya murza lagwani, ya ƙyasta ashana.
Kowace wuta da sunanta.
A ta bakwai muryarsa ta sarƙe.
"Dipen, yayana.
Kwali ya ɗaga a titi, can Assam,
an rubuta da harshen uwarmu.
Shinkafarsa ta kwana a rufe."

Na ce Allah ya ba da haƙuri.
Ya dube ni ta saman tabarau:
"Kai fa, Yila, da wane harshe kakarka ke kiranka?"

Sai na ga tsohuwa a Kaltungo
tana sussukar dawa, tana yi mini Tangale,
ina mayar mata da Hausa,
tana dariya da sauran haƙoranta biyu.

Namu ba wanda ya harbe shi.
A bakin tasha muka tuɓe shi kamar takalmi,
muka shiga mota.

Kasko ɗaya ya rage, ya miƙo mini.
Na laluba cikina ina neman
yadda take cewa wuta.
Ashanar ta ci har ta taɓa yatsana,
ban samo ba.