Awo a Dilimi

Sanyin asuba bai gama sauka daga duwatsu ba
na ɗaga ƙyauren shago.
Tanimu ya zube min gawar batiran kwamfuta guda tara,
muka ɓare su kamar gyaɗa,
ƙwayoyi suka gangaro bisa tebur,
kore, shuɗi, ruwan hoda,
da wani ja da ya ciro daga tsohuwar tocila.

Jan nan dubu tara da ɗari tara aka buga masa a ƙirji.
Yaro ya washe baki, wai mun tsinci dami a kala.
Na ce ɗora shi a tafin hannunka.
Ya ɗora. Karan dawa ya fi shi nauyi.
Muka cika shi, muka tatse shi ta cikin mita,
ɗari bakwai ya amayar, ya yi tsit.
Ba girin-girin ba, Tanimu, ta yi mai.

Koren kuwa ba ya kuri.
Rubutunsa ya koɗe, rigarsa ta yage a wuya,
ya sha yawo a jakar wani ɗalibi a Naraguta,
amma dubu biyu da ɗari huɗu ya ƙirgo mana
bai riƙe ko anini ba.

Ciki daban, baki daban.
Cikin tulu shi ne abin da zai ɗauka,
bakinsa ke gaya wa mai zubi inda zai tsaya.
Wannan, bolt huɗu da ɗigo biyu ne iyakarsa.
Ƙara masa ko da tsinke ne,
zai ɗau zafi, ya kumbura, ya huce a kanka.
Tambayi tabon da ke babban yatsana.
Wancan mai kauri, ɗan gidan ƙarfe,
uku da ɗigo shida da biyar yake cewa na ƙoshi.
Ba shi da cin sauran,
amma shi zai raka su duka makwanci.
Ka ba shi cajar maƙwabcinsa, ka zalunce shi.

Ni a huɗu da ɗigo ɗaya nake tsayawa.
Kakana kan ce a bar akushi da sauran wuri a ciki.
Kuza ya haƙa a Bukuru har bayansa ya lanƙwashe,
yau ga ni ina narka ta a bakin ƙarfe ina liƙe waya,
hayaƙin na tashi, ina jin tarinsa.

Da hantsi Kangyang ta iso daga Farin Gada,
ƙasar dankali a faratanta,
fitilar da take awo da ita kafin gari ya waye ta mutu.
Ta ce a sa mata mai babbar lamba.
Na zaɓo uku marasa kwarjini,
dubu biyu da ɗari biyu, ko ya ɗara da goma, ko ya gaza da goma.
Tanimu ya miƙo koren, ya ce a haɗa da gwarzo.
A'a. Ƙwarya ta bi ƙwarya.
In ka jera su a igiya ɗaya,
mai ƙaramin ciki ke fara cika, shi ke fara ƙarewa,
gwarzo ya koma gida da sauran guzurinsa.

Ta biya rabi da kuɗi, rabi da kabeji.

Da la'asar na ga jan a cikin rediyon Tanimu,
ɗari bakwai ɗin nan na karanta labaran duniya.
Ban ce komai ba.
Na dubi mitar, wayoyinta biyu a kwance,
na ce da za a maƙala min su
nawa zan bayar?
Kwanakin nan da wuri nake cika,
kafin isha kuma na sauka.