Littafin Awo

Shekara ashirin da biyu ina taka keke
a shagon nan na Yelwa, bayan masu gasa kifi.
Matan Garwa suna zuwa da yadi a hammata,
su tafi su bar mini lambobinsu a littafi.
Tef ɗina bai iya yabo ba, bai iya zagi ba,
abin da ya tarar shi yake faɗi.

Shafi na arba'in da ɗaya na Jaratu ne.
Ƙaramar sallar bara, ƙugu saba'in da huɗu,
na rubuta tana dariya, da maiƙon ƙosai a leɓenta.
Babbar salla, sittin da takwas.
Bana sai da na zagaya sau biyu,
na ce ko idona ne ya tsufa.
Hamsin da tara.

Ta ce, Gwaggo, ki ƙara yadi, na yi ƙiba.
Ta kama fatar cikinta da yatsa biyu
kamar mai nuna wa alƙali shaida,
alhali abin da ta kamo
bai kai kalmasar ɗankwali ba.

Madubina tsoho ne, jaka uku na saye shi
hannun wani mai aski da ya koma Marwa.
Ni da ita muka tsaya gabansa.
Na ga ƙashin wuya kamar maratayin riga,
ita ta ga wata mace mai cika ƙofa.
Har yau in na zo sharewa
sai na leƙa bayansa, ko zan ga inda matar take ɓuya.

Uwarta Dudu ƙawata ce tun muna talla.
A zamaninmu in kin rame unguwa ce ke tambaya,
wa ya rasu, wa ya hana ki tuwo?
Mun sha kunun gyaɗa har numfashi ya yi nauyi.
Yayar Jaratu ta haɗiyi ƙwayoyin kasuwa,
waɗanda ake ƙirgawa a leda, ba suna ba takarda,
kumatu suka tashi, mata suka yi guɗa,
ga 'yar gidan wadata!
Yanzu ƙafafunta ke kumbura, ba mai guɗa.

Ita kuwa ƙaramar, a makaranta aka ce mata buhun masara.
Yaro ɗaya, rana ɗaya, a filin guje-guje.
Shi ya manta kafin a tashi.
Ita ta ɗauko kalmar ta kawo gida,
ta ba ta wurin kwana,
tana ciyar da ita da rabonta.

Dudu ta ce sammu ne. An sha rubutu.
An soyo mata giwan ruwa na Lagdo,
ta tsattsage shi, ta jera ƙaya a bakin faranti
don a ce ta ci.
Kyanwar gidan ce ta yi sheƙi.
Ga zafin Afrilu mai narka kwalta,
ga yarinya da suwaita tana hura hannu.

Ni ba likita ba ce.
Rage riga na iya, in kama nan, in tsuke can.
Sau uku ina tsuke shuɗiyar nan guda,
jiya na soke allura a hannun rigata, na ce na daina.
Ta yi fushi. Ta yi kuka, kukan ma ba ƙarfi.
Na buɗe mata shafinta,
na ɗora yatsanta kan lambobin,
tana bi suna sauka kamar Binuwai a rani.
Ta ce, tef ɗinki ƙarya yake.
Mai gasa kifi ya juya kifinsa, ya sake juyawa,
sannan ta ce, to in ba ƙarya yake ba fa?

Gobe Talata zan rufe shago,
mu tari babur biyu zuwa asibiti.
Da ƙyar Dudu ta yarda,
sai da na ce mu tafi da rubutun ma.

Abin da ban gaya wa kowa ba:
duk tsukewar nan ban sa almakashi ba.
Yadin yana nan, na ninke shi ta ciki,
na bi shi da ɗinki mai sauƙin warwara.