Ɗorin Jimla

Kwana goma sha ɗaya ya rage.
Da gawayi na rubuta a jikin rudun albasa,
inda nake ɓuya da littafin tsoffin tambayoyi
wanda yayata Hurera ta bar mini,
bango ya tafi, shafi na arba'in da tabon manja.
Idona na ruwa.
Kowa ya tambaya, albasa ce.
A Aliero ba a musun wannan.

Malam Ezra, mutumin Zuru,
ya maido mini takardata jajawur
kamar a kanta aka yanka zakara.
Ya ce, Zayyanu, kanka na ja,
amma jimlolinka ɗingishi suke yi.

To ina laifina?
Mu a wurinmu tafi tafi ne.
Na tafi Jega jiya, zan tafi gobe,
kalma na zaune daram, mu ke kewaya ta.
Su kuwa “go” in ya kwana ɗaya
sai ya farka “went”,
ko uwar da ta haife shi ba ta gane shi.
Na ba shi “ed” don ya yi kama da 'yan'uwansa,
Malam ya zagaye shi da jan biro
har takarda ta huje.

Ga kuma ɗan “s” ɗin nan mai wutsiya.
Mutum ɗaya shi za ya ɗauke shi a ka,
in an taru da yawa a sauke.
A tashar lodi ban taɓa ganin haka ba:
buhu in ya yi nauyi, jama'a ake kira.

Da la'asar aka kawo wani yaro zauren kakana,
babur ya kayar da shi a hanyar Sabiyal,
hannu ya lanƙwashe inda babu gwiwa.
Tsoho Arzika bai dubi hannun ba.
Rufe ido ya yi,
babban yatsa na bin ƙashi sannu, sannu,
kamar mai neman allura cikin gero.
Yaro ya yi ƙara.
Tsoho ya ce, madalla, mun iso.
Ya ja, ya daidaita, ya jera kara, ya naɗe,
ya tofa abin da ya tofa.

Yana wanke hannu ya hango littafina.
“Mi kaka yi da wagga takarda tun safe?”
Na ce, Turanci ne, Kaka, ya ƙi ni.
Na ce jimlolina gurgunta suke yi.
Ya yi dariya har hula ta zame.
“Kai da ido kaka ɗori?
Laluba.
Inda taj ji zahi, nan karaya take.”

Bai san “a” ba, bai san “the” ba,
sa hannunsa dangwale ne.

Bayan isha na koma rudu
da fitilar wayar Inna, caji saura layi ɗaya.
Tambaya ta ashirin da bakwai.
Na daina kallonta. Na karanta da baki,
a hankali, gaɓa gaɓa,
har karen maƙwabta ya ɗaga kunne.
A tsakiya harshena ya yi tuntuɓe.
Na koma baya. Ya sake yi, a wuri guda.
Na ja “have” na cire, na sa “has”,
na sake bi ta kai.
Ta miƙe.
Ta taka ƙasa da ƙafa biyu.

Ta ashirin da takwas na faɗi.
Ta tara ma haka,
wani “whom” ne da ban san danginsa ba.

Can bakin titi ana yi wa tirela lodi,
za ta kwana a hanyar kudu.
Yaron ɗazu na jiyo shi yana kuka ƙasa ƙasa,
Kaka na ce masa ƙashi ba ya son gaggawa.
Wayar ta mutu.
Na laluba bango cikin duhu,
na goge ɗaya da yawu da gefen riga.
Goma.