Agogon Mai Shayi

Shekara ashirin da biyu ina hura wuta a bakin gadar nan,
ban taɓa sayen agogo ba.
In na ji tas-tas-tas daga wajen Kakuri
na san ladan ya kusa gyara murya,
sai in ɗora buta.
Kai ne agogona, Jatau.

Yau rediyon Gambo mai faci
ya ce wai ka rataye takalmi.
Na tsaya da cokali a hannu
har ruwa ya tafasa ya kashe min rabin gawayi.

Na san ka tun kana yaron masaƙa,
siriri kamar sillen kara,
ka tashi aikin dare da auduga a gashi.
Abokanka su yi layin bas,
kai ka tsuke igiyar takalmin roba
ka ce kuɗin mota na garin tuwo ne.
'Yan acaɓa su bi ka da ihu: "Wa ya koro ka?"
Ba ka tanka ba ko sau ɗaya.
Ba ka da numfashin ɓatarwa.

Da injuna suka yi shiru, aka sa wa ƙofa kwaɗo,
ƙafarka kaɗai ta ci gaba da saƙa,
zare ɗaya daga Kakuri har Kawo,
ka naɗe shi ka dawo kafin rana ta yi ƙarfi.

Shekarar da gari ya dare biyu,
kowa ya ɗauki tabarma ya koma cikin nasa,
kogin nan ya zama katanga.
Ni kaina sati shida ban fito ba.
Ranar da na dawo hannuna na rawa,
ashana uku ta mutu kafin wuta ta kama.
Sai na ji tas-tas-tas.
Ka ɗaga min hannu kamar jiya muka rabu,
ka haye, ka shige cikin hazon ruwa,
gada ta tuna aikinta.

Daren da ka yi tsere a ƙasar da ban iya faɗin sunanta ba,
mun cika gidan kallo a Tudun Wada,
har da masu leƙe ta hudar langa-langa.
Saura kilomita biyu, kana na uku,
haƙoranka a waje,
janareta ya yi tari ya mutu.
Muka watse cikin duhu muna neman mai rediyo,
wani ya bar silifas, wani ya faɗa kwata.
Har yau ban ga yadda ka tsinke zaren ba.
A bakin mutane na gani,
kuma kowa da irin nasa.
Na raba shayi kyauta har asuba,
cinikin kwana uku ya bi ruwa, ban yi nadama ba.

Ran Asabar na rufe tebur na shiga filin wasa.
Gwiwarka a ɗaure, furfura a gefen kunne.
Yaran da aka haifa kana da lambar zinare
suka wuce ka ɗaya bayan ɗaya.
Na goma sha ɗaya ka zo.
Amma kai aka miƙe wa tsaye,
har ɗan sandan ƙofa ya cire hula.

Abu ɗaya nake bin ka.
Duk shekarun nan ba ka taɓa zama a bencina ba.
To yanzu gaggawa ta ƙare.
Ka zo da tafiya, tafiya irin tamu,
ka ga ashe akwai masunta a ƙarƙashin gadar,
ka sha mai kauri da burodi,
in ji muryarka, tunda sawunka kawai na sani.

Gambo ya ce akwai wata yarinya a Barnawa
da kake koya wa ajiye numfashi.
Ka gaya mata ta riƙa biyowa ta nan.
Yau na makara,
sai da direbobin Abuja suka buga min tebur.