Ƙirgar Asuba

Shekara talatin da ɗaya na yi gandiroba a Jos,
aikina ƙirga.
Asuba in ƙirga, magariba in ƙirga.
Ɗakin da aka gina wa mutum ashirin
in tarar da sittin da bakwai, ƙafa kan ƙafa,
in rubuta a littafi, in ja ƙofa.

Jiya a Farin Gada, wurin mai gasa masara,
Dalyop ya ce da ni, "Wasu na gardama
wai a danƙa wa kamfani gidan yari.
Ni dai na yarda.
Kwanon da ke yoyo tun kana saurayi,
ɗan kasuwa zai liƙe shi kafin damina.
Wake zai zama wake,
ba ruwan da ya taɓa gaisawa da wake ba."

Ban musa ba. Na san waken.
Na san tarin da ke tashi daga kusurwa
ya bi ɗaki mutum-mutum har ya dawo.
Na san Sallau, da aka kawo kan buhun dankali,
shekara huɗu yana jiran alƙali,
takardunsa sun yi ɓatan dabo.
Ranar da na ajiye aiki shi ya riƙe mini jaka
har inda ƙafarsa ke da izinin takawa.

Amma Dalyop, kakanka da nawa
sun haƙa wa kamfani kuza a Bukuru.
Su ma da kai ake ƙirga su,
kwano nawa, sule nawa.
Kamfani ya kwashi rabonsa ya yi gaba.
Je ka ga abin da ya bar mana:
kududdufai masu koren ruwa, shiru kamar ba komai,
su haɗiye ɗan mutum ko gyatsa babu.

Mai masauki ba ya fatan ɗaki ya kwana wofi.
In kan mutum ya zama ciniki,
wa zai je kotu tonon takardun Sallau?
Ni na ƙirga shi kusan sau dubu uku,
ko kwabo ba a ƙara mini don yana ciki,
duk da haka ban je ba.
Da wannan nake kwana.
To ina ga wanda zaman Sallau ne albashinsa?

Dalyop ya juya masararsa ya yi dariya.
"Kana magana kamar yanzu ba a cin riba.
Wanda ke kawo muku waken nan,
da me ya gina bene?"

Na buɗe baki, ban sami komai a ciki ba.
Hadari ya taso daga duwatsun Shere,
kowa ya nemi keken da zai kai shi.

Na iso Gangare, jikoki sun yi barci,
tabarma ɗaya, bargo ɗaya.
Yatsana ya ɗaga da kansa:
ɗaya, biyu, uku,
sai na tsaya.
Na bar ƙofar a buɗe, duk da sanyin.