Ranar da Jarida Ta Buga Sunaye

Ƙarfe biyar na ɗora tukunyar kofi,
dusar ƙanƙara ta kwana a bakin ƙofa.
Shekara ashirin da shida ina buɗe shagon nan
a garin da sai ka matso da ido kake ganinsa a taswira,
can yammacin Nebraska, inda shanu suka fi mutane yawa.

Ran Alhamis jaridar gunduma ta zo da nauyi.
Shafi na huɗu: sunaye, kowa da adadinsa a gefe,
abin da gwamnati ta zuba wa kowane manomi,
tallafin bara, ba a ɓoye ko kwabo ba.

Orval Stuhr ne ya fara shigowa.
Bai cire hula ba, bai ce ina kwana ba,
ya ɗora yatsa yana gangarawa
kamar mai neman sunan ɗansa cikin waɗanda yaƙi ya ci.
Ya iske kansa dab da ƙasa:
dala dubu da ɗari tara.
Ƙanƙarar Yuni ta tattake masa alkama cikin minti sha biyu,
kuɗin ba su kai na tayar tarakta biyu ba.

Na saman jerin kuwa ba mutum ba ne,
kamfani ne mai suna kamar na maganin tari,
ofishinsa hawa na sha huɗu a Omaha.
Mun san gonar. Ta Haase ce kafin banki ya karɓe,
har yau lilon 'ya'yansa na rataye a bishiyar tsakar gida.
Merle ya ce, kogi ba ya ƙin daɗi,
ya turo kofinsa in ƙara masa.

Sai Delmar Pokorny ya turo ƙofa,
na bakwai daga sama, dubu tamanin da huɗu.
Tebur ya yi tsit, kana jin cokali na kewaya kofi.
Shi da Orval aji ɗaya suka zauna,
kowa ya kama akwatin gawar uban ɗan'uwansa.
Ya ja kujerarsa ta kullum, ba wanda ya gusa masa.
Ya ce, ku je ku tambayi abin da banki ke bi na,
kuɗin nan ko kwana ba su yi a hannuna ba,
wucewarsu na gani, kamar jirgin kwal da dare,
wancan shafin jarida ba ta buga ba.
Ba wanda ya ƙaryata shi.
Ba wanda ya ɗago kai.

Ni na san abin da takarda ba ta sani ba.
Na san mai biyan kofi da tsabar da ya tsinto a ƙasan kujerar mota,
na san mai cewa, rubuta, sai kaka.
Littafin bashi na ƙarƙashin akwatin kuɗi,
sunan Delmar na ciki, na Orval na ciki,
shafi ɗaya, layi na bin layi.
Kamfanin Omaha bai taɓa ɗanɗana kofina ba.

Da rana na ɗauko jaridar zan goge taga,
sai idona ya faɗa kan layin can ƙarshe:
Lorna Vitek, dala ɗari biyu da sittin da uku,
kason eka sha ɗaya da mijina ya bari,
wadda Orval ke nomawa muna raba amfani.
Ashe ni ma an karanta ni da safe
ina tsaye a kansu da buta a hannu,
kowa ya gani, kowa ya haɗiye da kofinsa.

Na naɗe shafin na cusa a ƙasan ƙofa,
inda iska ke satar shigowa.
Gobe ma ƙarfe biyar ne.
Kujerar Delmar na nan a karkace yadda ya bar ta,
ban gyara ta ba,
ban kuma ɗauke ta ba.